Ku Bar Shi, Wasa Yake

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Takarda ta fito daga hannun Kailani ɗan Nagoda, mazaunin Tudun Wadar Zariya, zuwa ga taubashina Isiyaku maƙeri a Ɗangora, jikan wan kakata, bawan da na gada ban saya ba. Gaisuwa mai yawa. Ina gaida Baba Dalhatu. Ina gaida Lauratu, Allah ya ba ta ladan zama da mai warin gawayi. Inna Talatu tana lafiya, tana gaishe ku. Ni kam babu lafiya, a kwance nake wannan rubutu, allo bisa cikina.

Amma bayan haka, ka san shekara biyu ke nan ina lebura a kantin wani Bature bayan tasha, wanda muke ce wa Mai Lofe. Dilar auduga da buhun gyaɗa muke ɗauka. Kowane lebura da lambarsa ta tagulla, tawa talatin da bakwai. A bakin ƙofa akwai guntun ƙarfen jirgi a rataye, wani tsoho Baba Salmanu ke buga shi da safe. Kafin bugun ƙarshe sai lambarka ta hau ƙusa. Wanda ya makara ya yi asarar yini. Wanda ya kwana uku bai rataya ba, an ba wani lambarsa, ko da uwarsa ce ta mutu.

Mu goma sha biyu ne daga Tudun Wada. Bayan asuba mukan haɗu a ƙofar masallaci, mu gangara, mu tsallaka Kubanni, mu haura tasha. Helumanmu, wato shugaban leburori, sunansa Ɗantsoho, mai farin rawani da tafiyar zakara. Ba zan ɓoye maka ba, na taɓa shi. Ka san bakina, ba muryar da ba na ɗauka. Ran nan na laɓe bayan dila na yi muryar Mai Lofe, na ce, "Heluma! Maza!" Sai ga dattijo ya tattare riga ya zuba da gudu, ya zo ya durƙusa yana "Zaki, zaki," ya ɗaga kai ya ga jaki yana kallonsa. An yi kwana uku ana dariya. Shi bai yi ba.

To, ran Talatar da ta wuce mun fito masallaci muka ga gabas ta yi ja kamar an yanka raƙumi a sama. Ba iska, ba motsin ganye, kaji sun koma akurki. Tsofaffi suka ce hadarin ƙasa ne, kowa ya shiga gida. Ɗantsoho ya ce Bature bai san hadari ba, ƙusa ya sani. Muka kama hanya.

Ba mu wuce rumfar mahauta ba ƙura ta sauko mana. Isiyaku, ka taɓa ganin dare ja? Dutsen Kufena ya ɓace, rana ta ɓace, na ɗaga tafina ban gan shi ba. Yashi yana dukan fuska kamar ana watsa maka tsakuwa da faifai. Na ji jinka sukutum ya wuce ta kanmu, na ji akuya tana kuka a inda akuya ba ta da dalilin zama. Hadarin ƙasa maganin mai kabido, ba abin da za ka yafa ya tsare ka.

Muna da yadda muke yi in haka ta faru. Akan warware rawani biyu a ƙulla, heluma ya riƙe kai, kowa ya kama a jere, ƙarami a wutsiya. Can kanti kuwa Baba Salmanu ba ya daina bugu, don mu bi sautin ƙarfe tunda ido ya mutu. Heluma yana tafe yana kiran suna, kowa yana amsawa. Ni ne wutsiya. A gabana Muntaka, wani bawan Allah mai 'ya'ya shida.

Kafin gangaren Kubanni, ta hannun dama, akwai ramin da masu tubali suka ɗebi ƙasa, zurfinsa ya kai gaba biyu. Jere ya ɗan karkata, na gaba suka wuce ta gefensa, ni wutsiya sai na taka iska. Rawani ya fizge daga hannuna. Na ji ƙafata ta ce ƙas, kamar an karya rake.

Na yi ihu, "Na faɗa rami! Wayyo, na karye!" Da kunnena na ji Muntaka ya ce, "Heluma, tsaya, rawani ya fizge, bayana ba kowa!" Da kunnen nan dai na ji Ɗantsoho ya ce, "Ku bar shi, Kailani ne, wasa yake." Ya ci gaba da kiran suna, ya tsallake nawa.

Na yini a ramin ina cin ƙasa, sai azahar masu tubali suka tsamo ni. Maɗori ya ɗaura mini kara, ya ce wata biyu. Jiya kwana uku suka cika. Ɗantsoho ya je gaban akawu ya rantse cewa ni na saki rawani da kaina na koma gida barci, ba wanda ya ji komai. Mutum goma suna tsaye, kowa ya dubi ƙusarsa. An ba Labaran lambata. Ka san wane ne Labaran? Ƙanen matar Ɗantsoho.

Ga abin da nake so. Ka je tashar Ɗangora ka saurari ƙarfen da suke bugawa, irin namu ne. Ka ƙera mini wanda sautinsa ba ya bambanta da shi, amma ya fi shi kaifi, kuma wanda jaki zai iya ɗauka. Ka ba Mahmudu mai zuba wa jirgi gawayi, shi ne mai kawo maka wannan. Kada ka tambaye ni me zan yi da shi. Ka hanzarta, in ruwa ya sauka ƙura ta kwanta, ni kuwa ƙura nake jira.

Wassalam. An rubuta ran Asabar, tara ga Rajab.

* * *

Daga Isiyaku ɗan Dalhatu zuwa ga bawana Kailani sarkin ƙarya. Gaisuwa da dariya. Mu duka lafiya lau, sai zafin bazara da na wuta. Ka gaida Inna Talatu, ka ce Allah ya ƙara mata haƙurin haihuwarka.

Bayan haka, takardarka ta iso, liman ya karanta mana a zaure, an taru kamar ana raba gado. Wallahi ka iya. Da aka zo wurin akuyar nan mai kuka a sama, Lauratu sai da ta zubar da furar da take damawa. Baba ya ce a sake karanta wurin jaki.

Amma ni ka daina ganina kamar na bara. Bara ka rubuto cewa wani Buzu ya mutu a zangonku ya bar mini wasiyyar raƙumi saboda na taɓa gyara masa takobi. Na rufe maƙera, na ari igiya, na yi kwana uku a hanya. Na zo na tarar da kai bisa katanga kana cin rake, kana tambayata ina raƙumin. Har yau in na shiga kasuwa yara suna ce mini Mai Raƙumi. Bana kuma ƙarfe kake so in yi mako ina duka, in ɗora wa Mahmudu, ku zauna ku yi ta buga shi kuna kiran sunana. Na gane.

Na tambayi Mahmudu ko ya ga ƙafar. Ya ce shi bai shiga gidanku ba, a tasha aka miƙa masa takarda. To ka gani.

Duk da haka ba a mai da taubashi hannu wofi. Ga ƙararrawar akuya nan na ɗaure a cikin tsumma, ita ma ƙarfe ce, sautinta da kaifi. Ka rataya a wuya don Inna ta riƙa sanin inda kake. In ƙafa ta karye da gaske, ka aiko mini da ita in yi mata ƙari da tama.

Ka huta lafiya. Ƙarshen Rajab.

* * *

Daga Kailani zuwa ga Isiyaku. Na gaida Baba Dalhatu da Lauratu. Kai ban gaishe ka ba.

Daren jiya ruwa ya sauka, irin mai cika kududdufi. Yau gari ya wayi garau, ana ganin Kufena har tsagar dutse. Ƙura ta kwanta sai baɗi. Sau biyu hadarin ƙasa ya sake tasowa bayan takardata, ina kwance ina jin ƙarfen Baba Salmanu daga nesa, hannuna riƙe da ƙararrawar akuya. Ka cinye mini bazara guda, Isiyaku.

Ka san abin da ka rubuto? Ka ɗauki shafi guda ka faɗi abin da Ɗantsoho ya faɗa da kalma biyar. Ku bar shi, wasa yake. Shi dai yana da ƙanen mata da yake nema wa ƙusa. Kai me aka ba ka?

An kwance kara. Ƙafa ta ɗoru, amma ta ɗoru tana kallon wani gari. Na sa Mahmudu ya shigo har ɗaka, na ɗora tafinsa a kan ƙashin, ka tambaye shi. Ga kuma zanen sawuna a bayan takardar nan, na taka tawada na taka takarda. Ka duba ka gani ko haka Allah ya halicce ni. Dila ta fi ƙarfina har abada. Yanzu ina wurin majema a bakin Kubanni, ina kankare gashin fata a zaune, in yamma ta yi in ɗora tulunan ruwan jima a jaki in je in zubar. In na shigo gida Inna takan ce in tsaya a zaure tukuna iska ta sha ni.

Ran Juma'a Ɗantsoho ya gan ni ina ɗingishi zuwa masallaci. Ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Kai yaro, har yanzu ba ka gama wasan nan ba? Wannan karon gurgu kake kwaikwaya?" Labaran yana bayansa, lambata tana lilo a wuyansa. Na ce, "Eh Baba, ina koyo ne, saura in koya wa wani." Aka yi dariya, ana tsammani raha ce. Abin da ya same ni ke nan, ko na yi kuka sai a ce na iya.

Maganar raƙumi, na yi, na kuma ji daɗinta, ba zan ce ban ji ba. In haushinta ne, ka zo ka karya mini ɗaya ƙafar mu yi daidai. Amma ƙarfen nan ka ƙera shi. Ko ka ƙera, ko ka cire sunana daga cikin dangi, in na mutu kada ka zo.

Sha biyu ga Ramalan.

* * *

Da sunan Allah, wanda rai da mutuwa ke hannunsa.

Daga Isiyaku zuwa ga ɗan'uwana Kailani. Gaisuwa da neman gafara. Ina fata wannan ta same ku da rai, don a wannan zamani ba a rubuta "lafiya" sai an ji amsa.

Wata bakwai ban ba ka amsa ba, ga dalili. Da Mahmudu ya kawo takardarka, ya faɗa mini abin da tafinsa ya taɓa, na duba sawun nan, kunya ta hana ni zuwa wurin liman. Na ce sai ƙarfe ya gamu in haɗa da shi. Ina cikin neman tama mai kyau damina ta riƙe ni a gona. Ana gama girbi murar nan mai kisa ta shigo, wadda ake ce wa marisuwa. Gidanmu ta ɗauki Baba Dalhatu ran Alhamis, ta ɗauki liman ran Asabar. Lauratu ta tashi da ƙyar. Wata biyu ba abin da na ƙera sai magirbi da gatarin haƙa kabari. Ƙanen liman ne ke rubuta mini wannan.

Kafin Baba ya cika ya ce da ni, "Mun yi wa yaron nan dariya yana kwance. Ka biya shi." To ga shi. Sau huɗu ina zuwa tasha ina tsayawa kamar mai jiran baƙo, ina sauraro. Na ƙera uku na fasa, na huɗu ne wannan. In ka rataye shi da igiyar rama, kada ya taɓa itace, ka buga a ƙasa da tsakiya, mutumin da ke Hanwa zai ajiye cokali.

Ban tambaye ka ba, amma ni ba yaro ba ne. Mai son ƙarfe irin na kanti, mai jiran ƙura, na san inda ya nufa. Ka tuna rawanin nan ba Ɗantsoho kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai mai 'ya'ya shida a jiki. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mun binne mutane har hannunmu ya yi kanta, ba na son ƙarfena ya ƙara ko ɗaya. Sharaɗina ke nan: ba jini, ba karaya. In ka zubar da jini da shi, ni da kai sai a lahira.

Ka gaida Inna, ka roƙa mini ita gafara. Wassalam. Rabi'u Sani.

* * *

Daga Kailani zuwa ga Isiyaku Mai Raƙumi. Na gaishe ka yanzu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan Baba Dalhatu, ya sa can ta fi nan. Shi ne ya fara ba ni wuƙa ina yaro, ya ce kada in yanka abin da ba zan ci ba. Ni da Inna mun sauke masa abin da ya sawwaƙa. Nan ma ciwon ya yi shara. Layinmu gida tara, ba wanda ba a fitar da gawa ba sai biyu.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ciwon ya kama Ɗantsoho, har an juya shi gabas. Isiyaku, ban taɓa yi wa mutum addu'a irin wadda na yi masa ba. Na yi masa rubutun sha da hannuna, na sa Inna ta dama kunun tsamiya na kai har ƙofar gida ina ɗingishi. Unguwa ta ɗauka, ana cewa ku dubi yaron kirki, an cuce shi yana rama alheri. Ni kuwa cewa nake, ya Rabbi, kada ka ɗauke shi, nawa ne, ka bar mini shi zuwa bazara. Allah ya karɓa. Ya tashi, har ya sayi sabon rawani.

Ƙarfe ya iso, yana ƙarƙashin gadon Inna cikin buhu. Sau ɗaya na ɗan taɓa shi da ɗan yatsa, sai da kaji suka watse. Hannunka ya yi albarka, bawana.

Sharaɗinka na karɓa. Rami kuwa ba ni na gina ba, masu tubali ne, ni gajarta shi ma nake yi. Ka tuna aikina zubar da ruwan jima? Wata shida ke nan ba na zubarwa ko'ina sai can. Gashin akuya, da kashin tattabara, da ruɓaɓɓen ruwan bagaruwa, kullum tulu takwas. Yanzu ko ƙwai ka jefa ba zai fashe ba. Sai dai ba za ka so cinsa ba.

Gabas nake kallo.

* * *

Da sunan Allah, Mai jinkiri ba Mai mantuwa ba.

Daga Kailani ɗan Nagoda zuwa ga taubashina Isiyaku, sarkin maƙeran duniya. Gaisuwa, da gaisuwa, da ƙarin gaisuwa. Inna lafiya. Ni ma lafiya, ban da bayana da ke ɗan zafi, za ka ji dalili. Ka tara mutane a zaure, wannan ta a karanta da ƙarfi ce.

Ran Litinin, shida ga Sha'aban, na fito alwalar asuba na ga kaji sun ƙi fita. Na dubi gabas. Ja wur. Ban tsaya jam'i ba, Allah ya gafarta mini, na yi sallata ni kaɗai, na ɗora buhu a jaki. A bayan ramin nan akwai wata tsamiya. Na rataye ƙarfe a reshenta da igiyar rama, na ɗaure kaina a gindinta, yadda rami yake tsakanina da hanya.

Ƙura ta sauko, ta fi ta bara. Jakin ya kwanta ya tura hanci cikin rigata. Can ƙasa-ƙasa ina jin ƙarfen Baba Salmanu, ya buga ya huta, ya buga ya huta, kafaɗa ta tsufa. Sai na ji ana kiran suna. "Labaran!" "Na'am!" "Muntaka!" "Na'am!" Na bari Baba Salmanu ya huta, na ɗaga guduma na ba naka a ƙasa da tsakiya.

Kai! Har cikin haƙorina na ji shi.

Na ji Muntaka yana cewa, "Heluma, anya? Kamar ya yi kusa da yawa." Ɗantsoho ya ce, "Iska ce ta juya. Shekara bakwai ina jan mutane, kai za ka koya mini hanya? Ku biyo ni." Shekara guda ina lura da shi, ya saba tafiya taku uku gaban kowa, bakin rawani a yatsa biyu kamar mai jan amarya. Na ci gaba da bugu, a hankali, yadda ake kiran kaza da tsaba. Hancin kowa a naɗe yake, ba mai jin wari.

Sai na ji tsulum. Bayan ɗan kaɗan na sake jin tsulum. Na biyun Labaran ne, ya biyo mijin yayarsa. Ban sa shi a lissafi ba, gyara ce Allah ya yi mini.

Ɗantsoho ya tsala ihu, "Na faɗa rami! Jama'a, na faɗa rami! Wayyo, mene ne wannan!" Na ajiye guduma. Na gyara maƙogwaro, na ɗauko muryarsa tsaf, har da 'yar shaƙewar nan tasa, na ɗaga ta yadda kowa zai ji:

"Ku bar shi, wasa yake."

Isiyaku, jere ya tsaya cak. Ɗantsoho biyu, ɗaya a rami yana kuka, ɗaya a sama yana hana a cece shi. Wani ya fara karanta Ƙul a'uzu. Sai Muntaka ya fashe da wani abu, ban san ko dariya ba ce ko kuka, yana cewa, "Haka ya ce! Wallahi bara haka ya ce! Haka rawanin ya fizge!"

Da ƙura ta lafa suka gan ni a gindin tsamiya, na miƙe karkatacciyar ƙafata a gabana. Ɗantsoho yana tsaye cikin ruwan jima har ƙirji, gashin akuya a gemu. Ya ce, "Kailani, ɗan nan, ka ji tsoron Allah." Na ce, "Baba Heluma, ƙafarka ta karye?" Ya ce a'a. Na ce, "To ka gode wa wani maƙeri a Ɗangora. Ni sai azahar aka fitar da ni, kai ga shi ko hantsi bai yi ba." Da sabon rawaninsa aka jawo su. Ba zai ƙara naɗuwa ba.

Duka sha biyun sun makara. Mai Lofe ya fito da kansa, ya sa aka tsai da biyun can nesa ta inda iska ba ta biyowa, ya ce wa tafinta a gaya masa abin da ya faru. Kafin Ɗantsoho ya buɗe baki Muntaka ya cire lambarsa ya ajiye a ƙasa, ya ce ko za a kore shi sai ya faɗa, shekara guda ba ya barci. Ya faɗi na bara duka. Da ɗaya ya tsage sai sauran suka bi.

Ni an kai ni gaban alƙali saboda na ɓatar da mutane a hanya. Ya ce bulala goma. Ban musa ba, na ci. Dogarin yana duka yana cije leɓe, ta bakwai dariya ta ƙwace masa.

Kashegari Mai Lofe ya aiko a zo da ni da ƙarfen. Ya sa na buga. Ya cire lofe daga baki, ya ce ƙarfen da ya janye mutum goma sha biyu daga hanya zai iya janyo su wurin aiki. Baba Salmanu ya ce dama kafaɗarsa ta gama, aka ba ni bugun, shi aka mai da shi tsaron ƙofa, yana ta sa mini albarka. Akawu ya ciro talatin da bakwai daga wuyan Labaran ya miƙo mini da bakin sanda. Na wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Muntaka ne heluma yanzu. Ɗantsoho ya koma ɗaukar dila, an kuma gaya masa in ya ƙara makara sau ɗaya, ƙusarsa ta zama ta wani.

To ga yadda safiyata take. Ina riga kowa zuwa a kan jaki. In zauna bisa turmi a bakin ƙofa, ƙarfenka a sama da kaina, hanya a shimfiɗe a gabana har gangaren Kubanni. Agogo yana ɗakin akawu, ni kaɗai nake ganin hannunsa ta taga in lokacin bugun ƙarshe ya yi. Ba mai son jerawa da Ɗantsoho, yara suna toshe hanci in ya wuce, don haka shi kaɗai yake tahowa a baya. Da na hango kansa ya ɓullo daga gangare, sai in miƙe a kan ƙafata mai kyau, in ɗaga guduma sama, in tsaya haka.

Sai ka ga dattijo ya tattare riga ya sa a baki, ya zuba a guje, takalmi a hannu, tun daga Kubanni har ƙusa. Yakan iso yana haki kamar zuga-zuginka. Ni kuwa sai in sauke guduma in sosa bayana da ita, don akawu ko shayinsa bai gama ba.

Na yi wa Inna alkawari ba zan taɓa bugawa kafin ya shigo ba, yana da iyali. Kai ma na yi maka. Amma kada wanda ya gaya masa.

Ƙararrawar akuyarka tana wuyan jakina. In ka zo da salla ka taho da igiya, akwai wani raƙumi.

Wassalam.